Sannu Da Zuwa, Sai Kuma Me?

Gaisuwa ga mutanen Lambara da Dandin Mahe da Kajiji da Jaredi da cikin garin Shagari. Gaisuwa ga mutanen Boɗinga da Sifawa. Mai gona da ya rataye rediyonsa a reshe, da uwargida a gaban murhu, da direban da ke kan hanyar Tambuwal, kowa ya matso kusa.

Shirinmu na yau a kan dawowa ne. Ana yawan yi wa matafiyi nasiha ranar da zai tafi. Ranar da ya dawo kuwa, sai guɗa da buɗe jaka. To yau ranar dawowar za mu duba.

Mu fara da wani misali, irin wanda kowa ya taɓa gani.

La'asar ta yi sanyi. Mota ta tsaya a bakin hanya. Wani magidanci ya sauko da akwati ɗaya da jakar bakko guda biyu. Shekara bakwai rabonsa da gida. Ya yi Agadas, ya yi Libiya, ya yi Masar, ya ƙare a Jidda. Ya ɗaga wa ɗan kabu-kabu hannu. Yaron ya dube shi ya ce, "Alhaji, gidan wa za a kai ka?" A garin da aka binne cibiyarsa ake tambayarsa gidan wa za shi. Yaron ba shi da laifi. Yana ɗan shekara goma mutumin ya tafi.

An isa gida. An yi guɗa, an shimfiɗa tabarma, an damo fura. Bai kai ga ajiye ludayi ba, wani ƙaramin yaro ya dafa gwiwarsa ya ce, "Baba, mi kak kawo muna?"

Kwana uku ana shiga ana fita, ana barka da sauka. Rana ta huɗu zaure ya yi tsit. A ranar ne dawowar gaske take farawa. Ku riƙe wannan, masu sauraro: rana ta huɗu. Za mu sake komowa kanta.

Kashi na farko, labarin wani yaro da ya taka wannan ƙasa tamu fiye da shekara 170 da suka wuce.

Sunansa Dorugu. Bahaushe ne, ɗan Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi a wani hari, aka kai shi Barno a matsayin bawa. A Kukawa wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya fanshe shi, ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a 1852 a gaɓar tafkin Chadi. Sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim.

Ku saurari hanyar da suka bi. Sun bar Kukawa a ƙarshen 1852. Suka yi Damagaram, suka yi Katsina. A 1853 suka iso Wurno, wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Suka shiga Sakkwato. Daga nan suka kama hanyar Gwandu, wadda ta ratsa wannan yanki namu ta ƙasar Boɗinga. Suka haye Kwara a Sayi. A watan Satumba na 1853 suka shiga Tumbutu. Bayan watanni suka juyo, suka sake biyowa ta Gwandu da Sakkwato a 1854, suka yi Kano, suka koma Kukawa. Daga can suka keta hamada zuwa Tarabulus. Suka hau jirgin ruwa, suka ratsa Faransa. A watan Satumba na 1855 Dorugu yana tsaye a birnin Landan.

Yaron da bai wuce shekara goma sha shida ba. Ya ga Tumbutu, ya ga teku, ya ga jirgin ƙasa. A lokacin ba a aza ko ƙarfe ɗaya na dogo a ƙasar Hausa ba.

A Ingila ya zauna da wani limamin Kirista mai nazarin harsuna, James Frederick Schön. Shi Schön yana ta faman koyon Hausa ne, sai ga Bahaushe har gida. Dorugu na magana, shi yana rubutawa. Ya faɗi yadda aka kama shi. Ya faɗi garuruwan da ya kwana. Ya faɗi yadda Turawa ke zaman cin abinci, da idon ɗan ƙauyen da ba ya barin abu ya wuce shi. Maganar tasa ta taimaka wa Schön wajen littafin nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876. Labarin kansa kuma ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Yana cikin zuben Hausa mafi daɗewa da aka buga da boko.

To, ina dawowar?

Abbega ya riga shi, ya dawo a 1857. Daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu sai a 1864 ya dawo. Ya dawo da Turanci a bakinsa, da karatun boko, da sunan da aka ƙara masa a coci, James Henry. Wanda ya tafi daban, wanda ya dawo daban. Ya yi wa Turawa aikin tafinta shekara da shekaru. Da tsufa ya zo, ya zama malami a makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909. A Kano ya rasu, a 1912. Gidan Ɗan Hausa na nan har gobe, mai zuwa Kano yana iya leƙawa.

Ku lura da abu ɗaya. Ba wanda ya san awakin Dorugu ko yawan rigunansa a yau. Abin da ya rage shi ne abin da ya faɗa, domin an sami wanda ya zauna ya saurare shi, ya rubuta. Abin takaicin, baƙo ne ya yi wannan zaman, a wata ƙasa. Mu kuwa a nan, sau nawa muke barin matafiyi ya kai ƙarshen labarinsa kafin mu leƙa jaka?

Kafin mu wuce, ga wata ƙaramar tsaraba ga mutanen Boɗinga. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya taɓa kama hanyar gabas, wajen 1807, da niyyar barin ƙasar nan zuwa ƙasa mai tsarki. Ya isa Kano, mutanen Kano suka riƙe shi. Ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya juyo gida. Daga baya ya zauna a Boɗinga, Shehu ɗan Fodiyo kuma yana Sifawa har 1815. Tafiyar ba ta kai inda aka nufa ba, amma ya dawo da littafin da ake karantawa har yau.

Yanzu sai kashi na biyu: abin da matafiyi ya bari a baya. Gona da iyali.

A yau alhaji yana tashi daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato, cikin 'yan sa'o'i yana Jidda ko Madina. Kakanninmu a ƙasa suke zuwa. Kano, Maiduguri, Fallomi wadda ake kira Njamena yanzu, Abeshe, Fashir, Ubayyid, Khartum, sa'an nan gaɓar Bahar Maliya a Sawakin. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙodago. Da yawa sun yi noman auduga a Jazira ta Sudan, inda aka buɗe babban aikin ban ruwa a 1925. Wani ya yi shekara biyar, wani goma. Wani ya yi aure a hanya, ya haifi 'ya'yan da ba su san Sakkwato ba sai a baki. Wasu ba su dawo ba sam. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan, mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙarƙashin ɗan Sarkin Musulmi Attahiru.

Shi ya sa a da, mai tafiya Makka yake yin wasiyya, ya nemi gafarar kowa. Ba waya, ba wasiƙa mai tabbas. Matarsa fa? Gonarsa fa?

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan a duhu ba. Akwai kalmar da suke amfani da ita, mafƙudi. Mafƙudi shi ne wanda ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Yana cikin Risala, littafin da almajirai ke karantawa a zaurukanmu. Matar mafƙudi za ta kai ƙara wajen alƙali. A bincika. In ba a sami labarinsa ba, a ɗibar mata shekara huɗu. Bayan nan ta yi idda irin ta takaba, wata huɗu da kwana goma. Sa'an nan tana iya aure. In kuwa bai bar mata abin ci ba, tana da damar neman a raba auren tun kafin wannan wa'adi. Dukiyarsa kuma ba a raba ta gado, sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye.

A sake ji: matar tana da wa'adi, dukiyar tana da nata wa'adin daban. Ba ɗaya ba ne. Kuma alƙali ke yankewa, ba taron dangi a zaure ba.

Wani zai ce ai yanzu akwai waya, wannan tsohon zance ne. Ina! Ku tambayi gidajen da ɗansu ya shiga hamada ta Agadas, layinsa ya daina shiga. Ku tambayi waɗanda nasu ke tsare a wata ƙasa ba takardu. Mafƙudi na nan a zamanin WhatsApp.

Sai gona. Nan ne zumunci ke yawan tsagewa. Mutum zai tafi, ya ce wa ƙanensa, "Riƙe mini gonar fadama." Magana ta baki, ba shaida. Ƙanen ya yi shekara bakwai yana kai taki. Ya haƙa rijiya, ya sayi injin ban ruwa, yana fitar da albasa. Ko kuma wata shekara ta yi tsanani, ya jinginar da rabin gonar ya sayi hatsi, har da iyalin mai tafiyar aka ci. Yau mai gona ya dawo. Aro ne? Haya ce? Jingina ce? Kowa da abin da ya tuna.

Wanda ya dawo, kada ka je gonar da fartanya a rana ta huɗu. Je ka da ƙafa da baki. Zauna da ɗan'uwanka, a kira dattawan da suka san iyaka, in ta kama a je gaban mai gari. A lissafa abin da ya kashe. A bar shi ya kwashe amfanin da ya shuka. Wanda ya riƙe gona, kai ma kada ka ce shekaru sun mayar da ita taka. Mai shirin tafiya kuma, ka ji tun yanzu: rubuta, ka sa shaidu biyu.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan matafiyin da ya dawo gida bayan doguwar tafiya. Mun shiga kashi na uku, jikinsa.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ya tashi a ƙasar sauro, jikinsa yana da wata 'yar garkuwa daga zazzaɓin cizon sauro. Garkuwa a nan tana nufin jiki ya saba da cutar, yana rage mata ƙarfi. Ba gado ba ce. Yawan cizon ne ke riƙe da ita. In mutum ya yi shekaru a inda babu wannan cuta, kamar Ingila ko Masar, garkuwar tana raguwa. Ya dawo Lambara da damina, ya kwanta a tsakar gida yana cewa ai shi ɗan gida ne. Sauro bai san ɗan gida ba. Zazzaɓin da zai kwantar da maƙwabcinsa kwana biyu, shi yana iya kai shi gadon asibiti. 'Ya'yan da aka haifa a can kuwa, ba su da garkuwar ko kaɗan.

Saboda haka, daren farko, gidan sauro. Daren farko, ba sai an huta ba. In zazzaɓi ya zo, a je a yi gwajin jini a ranar. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ana cewa gajiyar hanya ce.

Akwai kuma abin da matafiyi ke iya shigowa da shi. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli na 2014 a jikin matafiyi daga Laberiya. Korona ta fara bayyana a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a jikin wanda ya zo daga Italiya. Ba don a guji matafiyi muka faɗi wannan ba. Don ya buɗe baki ne. In ka je asibiti, faɗa wa ma'aikacin lafiya ƙasashen da ka bi, ko bai tambaya ba. Tarin da ya wuce mako biyu, a je a gwada. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware.

Barci ma yana rikicewa. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Sin tana gabanmu da awa bakwai. Ɗan kasuwar da ya taso daga Gwanzu, in ana kiran magariba a Shagari, jikinsa yana ganin tsakar dare ta wuce. Zai yi ta gyangyaɗi a gaban baƙi, ƙarfe biyun dare kuma ido ya bushe. Ba girman kai ba ne, ba kuma aljanu ba. Agogon jiki ne bai iso ba tukuna. Ya riƙa fita rana da safe, 'yan kwanaki zai daidaita.

Aljihu kuwa ba sai mun daɗe a kansa ba, kowa na ji a jikinsa. Wanda ya tafi kafin 29 ga Mayu 2023 ya bar litar fetur ƙasa da naira 200. Wanda ya tafi kafin ƙarshen 2022 kuma ya bar tsofaffin takardun 200 da 500 da 1000 tun ba a sauya musu kama ba. Layin wayarsa, in ya daɗe ba a amfani da shi, mai yiwuwa an ba wani. Sabon layi kuma sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Kuɗin da ya ƙirga a can yana ganin za su gina gida, ya tambayi kuɗin buhun siminti kafin ya yi wa kowa alkawari.

Kashi na ƙarshe, zuciyarsa. Mun dawo rana ta huɗu.

Baƙi sun watse. Ya fita majalisa. Ana hira a kan rikicin da bai san farkonsa ba. Ana dariya a kan abin da ya faru ba ya nan. Abokinsa na ƙuruciya ya rasu, an yi sadakar arba'in tun shekara uku. Ɗiyar da ya bari a goye tana ɓuya a bayan uwarta in ya shigo. Matarsa ta saba yanke shawara ita kaɗai, ita ke sayen hatsi, ita ke biyan kuɗin makaranta. Shi kuma ya saba da wutar da ba ta ɗaukewa da famfon da ba ya ƙafewa. Ya buɗe baki ya ce, "A can kuwa..." Sau ɗaya, a saurara. Sau biyar, a fara kallon juna. Sau goma, an sa masa suna.

Masana halayyar ɗan Adam sun san wannan yanayi. A Hausance, baƙunta a gida. Mutum ya yi ta kewar gida yana can, ya dawo ya tarar gidan da yake kewa ya gusa. Yana iya zama shiru-shiru. Yana iya yawan faɗa. Yana iya fara zancen komawa tun bai kwance kaya ba. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Boma sun dawo da irin wannan bayan 1945. Sun ga Indiya, sun ga teku, sun ga mutuwa. Aka sallame su, kowa ya koma ƙauyensu, aka miƙa masa fartanya.

Mafi nauyi shi ne wanda ya dawo hannu rabbana. An sayar da saniya an yi masa guzuri. Ya sha wuya a Libiya, ko an kamo shi a Saudiyya ba takardu an sako shi a jirgi. Irin wannan yakan shigo gari da dare don kada a gan shi. Wani ma yakan maƙale a Kano ko Legas, kunya ta hana shi ƙarasowa. A ganin wannan shiri, gorin da ake yi wa irinsu yana cikin abin da ke sake tura matasa hamada karo na biyu. Uwa, in naki ya dawo da rai, kin sami abin da wasu uwaye ke roƙo har yau. In kuma ya daina barci, yana firgita, yana ware kansa makonni, a kai shi asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Mutanen Shagari sun ga wata irin dawowa da idonsu. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, ya shugabanci Nijeriya daga 1979. Ya je fadar shugaban Amurka, ya sauka a fadar Sarauniyar Ingila. Sojoji suka kifar da gwamnatinsa ranar 31 ga Disamba 1983, aka tsare shi. Da aka sake shi a 1986, garin Shagari aka maido shi. Ya zauna cikin mutanensa. Daga baya ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa. Da ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018, a Shagari aka yi masa sutura.

Lokaci ya ƙure mana, masu sauraro. A maimaita a taƙaice: gidan sauro tun daren farko, maganar gona a gaban shaidu, maganar aure a gaban alƙali, sa'an nan a leƙa matafiyi a rana ta huɗu, lokacin da kowa ya watse.

Ga kuma aiki ga matasa kafin mu haɗu a shiri na gaba. A unguwarku akwai tsoho ko tsohuwar da ta je Makka ta Sudan, ko ya yi shekaru a Kumasi, ko ya yi aikin jirgin ruwa. Ba su da yawa yanzu. Ku je da wayarku bayan la'asar, ku gaishe su, ku nemi izini, ku danna ɗaukar murya. Ku ce su lissafo muku garuruwan da suka kwana, ɗaya bayan ɗaya, tun daga Lambara har ranar da suka dawo.